Tayin Jumare a Bakin Teku

Bango ɗaya ne ya raba gidana da na Jumare a unguwar Levenshulme ta Manchester, kuma duk wanda ya san gidajen layinmu ya san bangon nan suna kawai ya tara. In Jumare ya yi atishawa ni ke yi masa yarhamukallahu. Saboda haka abin da zan ba ku, wanda ban gani da idona ba na ji shi da kunnena, ni maƙwabciyarsu ina zaune a kujerata ban roƙi kowa labari ba.

Jumare yana aiki a wani kamfanin dakon kaya, shi ke faɗa wa direbobin manyan motoci hanyar da za su bi. Da wannan ya naɗa wa kansa sarautar Sarkin Tsari, ba da yawun kowa ba. A faɗarsa, da za a ba shi riƙon Ingila na mako guda, da bas ba ta ƙara makara a Wilmslow Road ba. Kowace Lahadi yana da majalisa a falonsa. Maza su cika, a gyara Najeriya, a gyara Gana, a sauke kocin ƙwallo a naɗa wani, sannan a wanke hannu a ci tuwo. Tuwon nan kuwa ba daga sama yake faɗowa ba. Matarsa Kubura ke tuƙa shi. Nas ce a asibiti, ta yini tsaye a kan marasa lafiya, ta dawo ta tsaya a kan tukunya.

Wata Lahadi bayan an watse, sai na ji an ajiye muciya da ƙarfi.

"Baban Raki."

"Na'am, uwargida ran gida."

"Ajiye kirarin nan. Shekara nawa ina tuƙa wa abokanka tuwo?"

"Ai lada ba a ƙirga shi, Kubura."

"To na yafe ladan bana. An ba ni leave a ƙarshen wata. Ina so in je inda babu mai kiran sunana, in zauna in kalli ruwa. Ni da kai da yaran nan biyu, shi ke nan. Kuma wallahi in idona ya ga tukunya a tafiyar nan, majalisarka ta mutu. Sai dai ku riƙa haɗuwa kuna cin biskit."

Na tausaya mata, don na san ba faɗa take nema ba, gajiya ce ta yi magana. Shi kuwa gogan naku dariya ya yi, ya ce wannan ai wasan yara ne ga mutumin da ke tura tirela hamsin Scotland kafin ya karya kumallo.

A ba shi haƙƙinsa, ya samo gida. Wani tsohon garin masunta ne a gabar Yorkshire, ba zan faɗi sunansa ba don har yanzu ina jin suna iya gane mu. Gidan haya ne na 'yan hutu, ginin dutse, wai wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ne ya gina shi tun kakannin kakanni. Mutum huɗu yake ɗauka: Jumare, Kubura, da 'ya'yansu mata Raki da Murna. Da a nan ya tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ku. To amma an ce baki shi ke yanka wuya.

Ranar Juma'a ana fitowa daga masallaci ya tare ƙofa da wayarsa, yana nuna hotuna. Mai ɗaukar hoton nan Allah ya shirye shi, ya ɗauki falon da bai fi tabarma uku ba ya mai da shi kamar filin Idi.

"Kun ga nan? Historic ne, ba irin flat ɗinku na council ba. Ka buɗe taga teku ya gaishe ka."

Duk wanda ya ce masha Allah, sai Jumare ya dafa kafaɗarsa. "Bismillah mana, ku zo mu je. Wuri ai ba ya kaɗan."

Ya yi wa mai yankan nama na Stockport Road tayi. Ya yi wa mai aski tayi. Ni ma da muka haɗu wajen fitar da bola ya yi mini, na ce na gode, na shiga gida na duba ko rigar sanyina tana nan.

Kubura ba ta san wainar da ake toyawa ba sai da Barikisu ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Barikisu matar Saaka ce, mutanen Gana ne, suna gidan da ke kallon namu, mijin yana tuƙa tasi. Ta shigo da fara'arta ta ce ta zo tambaya ne, yajin shito kwalba nawa za ta yi, kuma ko gidan tekun yana da babban murhu, don waakye, shinkafa da wakensu na Gana, ba ya son ƙaramar wuta.

Barikisu na fita, bango ya ɗauki zafi.

"Wa ka gayyata?"

"Ni? Ban gayyaci kowa ba. Tayi na yi."

"Mene ne bambancin?"

"Haba Kubura, kamar ba a Kano aka haife ki ba. Kina cin abinci mutum ya zo wucewa, kin ce bismillah, zama yake yi? Ɗan gidan mutunci in aka yi masa tayi, alhamdu lillahi yake cewa ya yi gaba. Ba a amsa tayi. Wanda duk ya amsa tayi, a binciki tarbiyyarsa."

"To je ka faɗa wa Saaka haka."

"Yanzu kuwa. Minti biyu ya yi yawa."

Na ɗaga labule. Saaka yana wanke motarsa, Jumare ya tsallaka titi yana gyara hula.

"Saaka, maganar tafiyar nan. Ka san tekun can akwai sanyi fa."

"Mun saba, maigida. Na sayo wa yara jaket."

"Ga nisa. Ga aikinka, kada ka yi asarar fasinja saboda ni."

"Na riga na ba wani shift ɗina. Mu a zango, in babba ya kira ka ka ƙi zuwa, ka zage shi ke nan. Ni kuwa in zage ka? Shekara nawa ina cin tuwon gidanka?" Saaka ya ajiye soso ya kama hannunsa da hannu biyu. "Tunda na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa cewa in zo mu je hutu sai kai. Barikisu har kuka ta yi."

Kalma uku ce ta rage wa Jumare ya faɗa, kada ku zo. Amma Bahaushe ya gwammace ya haɗiye garwashi da ya furta su. Sai ji na yi ya ce, "Ai shi ya sa na zo, in ce maka ka taho da ƙaninka ma in yana da lokaci."

Ya koma gida ya ce wa Kubura an kashe wannan wutar.

Asabar ɗin da ta biyo aka yi sunan jikar Dakta Bara'u a Birmingham. Bara'u likita ne, kuma taubashin Jumare, tun suna yara ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Mun cika motoci mun je. An kama hol, an ci an sha, sai aka miƙa wa Jumare makirfo ya yi wa jaririya addu'a, don shi ne babba a dangin da suka zo daga Manchester. Yana cikin gyaran murya Bara'u ya ɗaga tasa daga kan babban tebur.

"A yi masa a hankali, bai saba da taro ba. Mu da muka dawo daga Istanbul muna ba da labarin teku, shi kuwa iyakar yawon buɗe idonsa wurin ajiye motoci na kantin Asda."

Hol ya ɗauki dariya. Na ga kunnen Jumare ya motsa, na ce shi ke nan, jaririya ta rasa addu'arta.

"Istanbul? Otal? Ɗaki ɗaya da ɗan firji kamar akwatin takalmi? Ni gida sukutum na kama, Dakta, gidan kyaftin, mai tarihi. Ka tsaya a ƙofa igiyar ruwa ta wanke maka ƙafa."

"Hoto ai kowa ma yana da shi."

"Gani ya kori ji! Bismillah, ka zo ka gani. Kai, ba kai kaɗai ba." Ya juya ya buɗe hannu kamar mai neman ƙuri'a. "Duk wanda ke cikin hol ɗin nan, bismillah!"

Mutanen Birmingham, ku sani, babu garin da ya kai nasu nisa da teku a tunaninsu. Suka amsa da murya ɗaya, "Mun amsa!" Har da tafi. Allah ya taimake shi Kubura tana can baya wajen mai jego, ba ta ji ba. Matar Bara'u, Nana A'isha, ta dube ni na dube ta. Ita ma tun safe take kan ƙafafunta tana raba shinkafa, ko zama ba ta yi ba.

Daga nan Sarkin Tsari ya shiga tsari. Tunda ba zai iya cewa kada a zo ba, sai ya yanke shawarar sa mutane su fasa da kansu. Akwai zauren WhatsApp na 'yan uwa na garuruwan biyu, nan ya mai da fagen fama.

Saƙon murya na farko, ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya. Wai ya samu labari gidan nan ba lafiya ba. Kyaftin ɗin da ya gina shi a ruwa ya mutu, kuma ana jin takunsa a matakala. Shi dai ya faɗa ne don amana. Ba a jima ba Malam Sunusi ya amsa. Malam Sunusi shi ke koyar da yaranmu karatu ranar Asabar, kuma shi kaɗai ne da ma ya ce ba zai samu zuwa ba. Ya ce tunda abin ya zama haka, zuwa ya wajaba a kansa, ba zai bar 'yan uwa Musulmi su kwana da aljanin Bature ba tare da mai ruƙiyya ba.

Saƙo na biyu, wai hanyar garin ba ta biyuwa, duwatsu ne da kwazazzabai, ƙananan motoci ba sa kai labari. Bara'u ya amsa da hoton wata farar bas mai kujeru goma sha shida da ya ɗauko haya, ya rubuta a ƙasa: mun gode da shawara, taubashi.

Na uku shi ne wanda ya kashe shi. Ya ce babbar matsalar ita ce abinci, garin kaf babu halal, daga naman alade sai giya, mutum zai iya mutuwa da yunwa. Jama'a, garin neman gira aka rasa ido. Maza suka yi ta turo saƙo cewa wannan ai mai sauƙi ne, ga mata nan, kowane gida ya taho da tukunyarsa da buhunsa. Wani ma ya ƙara da cewa tunda Hajiya Kubura za ta je, ai an huta, tuwonta ba shi da na biyu.

Kubura ba ta cikin zauren. Ta fice tun shekarar da aka yi wata uku ana gardamar ganin wata.

"Ya ake ciki?" na ji ta tambaye shi.

"Na gama da su. Ko kare ba zai biyo mu ba. Amma don ƙarin tsaro, da an sallame asuba za mu sulale, kafin layi ya tashi."

Abin da Sarkin Tsari ya manta shi ne, duk mutanen da yake gudu sahu ɗaya suke sallar asuba da shi. Ya dawo daga masallaci ya loda akwatuna a ɓoye, ya buɗe ƙofa ya fito da iyalinsa suna sanɗa, sai ga tasin Saaka a kunne, ga motar mai yankan nama a bayanta, ga Malam Sunusi a gaban tasi rungume da jarkar ruwan tofi. Ni ina kujerar baya kusa da Barikisu, na ɗaga wa Kubura hannu.

Ta tsaya da jaka a kafaɗa. "Baban Raki, wannan fa?"

"Rakiya ce. Mutanen kirki, sun fito su taka mana."

"Da katifa a kan mota?"

"Ta ƙanin Saaka ce, za su sauke ta a hanya."

Muka ɗau hanya. Abin da ya faru a motarsu Raki ce ta ba ni daga baya. Ta ce duk mahaɗar da aka wuce sai uwar ta dubi madubi ta ce, "Har yanzu rakiyar ce?" shi kuma ya ce, "Zumunci ke nan, Kubura, yanzu za su juya." Da aka tsaya shan mai bayan Leeds, sai ga farar bas ta shigo tana hon, Bara'u ya leƙo da kai ta taga da hular Istanbul, mutanen Birmingham suna daga ciki suna kiran sunan Jumare kamar ya ci zaɓe.

"Su ma rakiyar ce?"

"Hanya ce ta haɗa mu."

Murna, ƙaramar, ta ce daga baya, "Dad, you're so finished."

Garin kam ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Gidaje jajaye da farare sun gangaro daga kan dutse har bakin ruwa, ga jiragen masunta, ga iska mai warin gishiri. A bakin gari akwai babban filin ajiye motoci, da allo da ke roƙon baƙi su bar motocinsu nan su taka. Saaka ya sa sigina zai shiga, Jumare ya fito da hannu ta taga ya yi masa alamar ya biyo shi.

"Wannan na 'yan yawon buɗe ido ne. Mu masu gida ne, har ƙofa za mu je."

Ya kashe na'urar nuna hanya, wai ba za ta koya masa sana'arsa ba. Ya kai mu wani lungu da aka shimfiɗa da duwatsu tun zamanin da jaki ne babbar mota. Motarsa ta wuce da ƙyar. Tasi ta wuce tana addu'a. Bas ɗin Bara'u ta shiga ta tsaya cak tsakanin shagon burodi da turken fitila, ba gaba ba baya, ƙofarta ma ba ta buɗuwa. Mutanen Birmingham suka riƙa fitowa ta ƙofar baya ɗaya bayan ɗaya, manyan riguna da gwaggwaro, kowa da abin da ya rungumo. Mai burodi ya fito da gari a hannunsa yana kallo. A bayan bas motocin gari suka yi layi.

"Sarkin Tsari," in ji Bara'u, "tirelolin naka ma haka kake shigar da su Scotland?"

"Direbanka ne bai iya ba."

"Ni ne direban."

"Shi na faɗa."

Aka bar mutum biyu suna fama da bas, sauran muka hau tudu a ƙafa. Ku auna abin da idonku: mutum kusan arba'in a lungun da biyu ba sa jerawa, da buhun shinkafa, da kulolin nama, da katifa, da jarkar Malam. Turawa suka fito ƙofar shaguna da wayoyinsu. Jumare yana gaba, ya ga ana kallo, sai ya ɗauka girmamawa ce. Ya zaro kilishi daga aljihu, ya ɗaga shi sama yana nuna mana wata tsohuwar hasumiya da ke kan dutse, zai fara bayanin tarihi. Wani farin tsuntsun teku, ƙato kamar zakaran Sallah, ya sauko ya fauce kilishin, fiffikensa ya tafi da hular. Hula ta gangara ta bi lungu, ta faɗa tashar jirage.

"Ga kyaftin ya karɓi gaisuwa," in ji Bara'u.

Gidan yana ƙarshen lungu. Na dube shi na dubi hoton da ke wayata. Faɗinsa duka bai fi a shimfiɗa darduma uku a jere ba. Jumare ya ciro makulli daga ɗan akwatin da ke jikin bango, ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Mutanen da can gajeru ne, don haka kowa ya kula da..."

Ƙum! Goshinsa ya gaisa da dutsen saman ƙofa. Ya shiga a durƙushe.

Aka fara ɗura. Mutum goma suka cika falo, biyar suka maƙale a matakala, sauran muna waje muna jiran a ce mana wuri ba ya kaɗan. Wata gwaggon Bara'u da ta samu shiga ta ce gidan yana warin kifi da tsufa, ba za ta zauna ba sai an gyara shi. Ta zaro kaskonta daga jaka, ta kunna gawayi, ta zuba turaren wuta mai kyau na Maiduguri. Hayaƙi ya tashi ya sami rufin da ko hannu ka ɗaga za ka taɓa shi.

Sai gidan ya fasa ihu. Ƙarar na'urar gobara ce, amma wa ya tsaya tambaya? Jumare da bakinsa ya ce akwai kyaftin. Na kan matakala suka yo ƙasa, na ƙasa suka yi ƙofa, kowa ya fito sai dutsen nan ya sallame shi a goshi. Malam Sunusi kaɗai ya yi ta maza, ya kutsa ciki yana karatu da ƙarfi yana watsa ruwan tofi sama. Ruwa ya sami na'urar, ta ƙara ƙaimi.

"Yana jin jiki!" Malam ya yi kira. "Ku taya ni da Ayatul Kursiyyu!"

Ƙofar gidan da ke maƙwabtaka ta buɗe. Wata tsohuwar Baturiya ta fito da sandar mofa ta goge ƙasa, ta ratsa mu, ta shiga ta zunguri na'urar. Tsit. Ta ɗauko kaskon da tawul ta ajiye a waje, sannan ta tsaya a bakin ƙofa tana duban mu, ta dubi katifa, ta dubi buhu. Ita ce mai gidan, sunanta Zoe.

Jumare ya gyara tsayuwa, ba hula, ga ƙulu a goshi. Ya kwararo mata Turanci irin na ofis, wai shi ƙwararre ne a harkar tsare-tsare, waɗannan kuma baƙi ne na ɗan lokaci, kuma a al'adarmu baƙonka annabinka. Ta bar shi ya gama tsaf. Ta ɗaga yatsu huɗu. Ta ce ita ba ta da matsala da kowa, amma gidan na mutum huɗu ne, dokar kashe gobara ce ba tata ba, kuma in bas ɗin can da ta tare lungu tamu ce, mai burodi ya riga ya kira 'yan sanda. Su waye huɗun?

Daidai nan ƙanin Saaka ya iso yana nishi, ɗauke da tukunyar Barikisu ta biki, irin wadda yaro zai iya wanka a ciki. Bai san me ake ciki ba. Ya dire ta a gaban Kubura, ƙarfe ya yi ƙara a kan dutse.

"Hajiya, a ina za a ɗora? Mutane fa sun fara jin yunwa."

Kubura ta dubi tukunyar. Ta daɗe tana dubanta. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, don na ga fuskarta, ba fushi a ciki, sai wata irin gajiya ta shekara da shekaru. Ga teku can ƙasa yana ta harkarsa, ko kallonsa ba ta samu ta yi ba.

Jumare ya yi gyaran murya. "To, huɗun dai, ni ne da..."

"Da wa?" in ji Bara'u. "Ka tara mu daga garuruwa biyu, ka shiga ka ja bargo mu kwana a titi? Faɗa mana da bakinka, taubashi, mu ji."

Idanun jama'a duk suka dawo kansa. Ko a nan, da ya sunkuyar da kai ya ce jama'a ku yafe ni, na yi wa matata alkawari, da an yi dariya an wuce. Ina! Ya buga ƙirji.

"Ni Jumare? In kwanta a gado baƙona yana waje? Allah ya kiyaye! Ko mutum ɗaya ya rage a waje, ni ne na biyunsa."

"Kun ji shi," in ji Kubura.

Ta miƙa hannu ta zare makullin daga yatsunsa, a hankali, kamar tana cire wa mara lafiya allura. Ta juya wajen Zoe ta nuna kanta. Ta nuna Barikisu, wadda ta kwana biyu tana suyar shito. Ta nuna Nana A'isha, wadda tun ranar suna ƙafarta ba ta huta ba. Sai ta waiwaya tana neman ta huɗu, ni kuwa da ma na matso kusa, don mutum ba ya sanin inda rabonsa yake.

"Yaran fa?" in ji Jumare.

"Suna da uba." Ta ɗaga murya yadda na bayan layi za su ji. "Jama'a, ku yi haƙuri da abin da ya faru. Amma hutu bai ɓaci ba. Gidanmu na Levenshulme a buɗe yake, ga shinkafa kun taho da ita, ga nama, ga tukunya. Baban Raki ya daɗe yana cewa tuƙa tuwo ba wani aiki ba ne. Bismillah, ku je ku kwana biyu."

"Mun amsa!" in ji mutanen Birmingham.

Muka shiga mu huɗu, kowa ta sunkuya a ƙofa. Barikisu ta yi dariya har ta zauna a matakala. Nana A'isha ta cire takalmi ta miƙe a kan kujera, kafin a dafa ruwan shayi ta yi barci. Kubura ta hau sama ta tura taga. A wannan kam Jumare bai yi ƙarya ba, teku yana nan shimfiɗe har iyakar gani. Na kai mata shayi, ta karɓa da hannu biyu, ta tsaya tana kallon ruwa, ba mai kiran sunanta.

A ƙasa ana ta haramar komawa. An rasa mai ɗaukar tukunya, sai aka ɗora wa mai gayya. Ya rungume ta a ciki, ya ɗaga kai ya dubi tagar, ƙulun goshinsa yana sheƙi. Jama'a duk suka tsaya su ga abin da zai faru.

Kubura ta leƙo, ta ɗaga masa kofin shayi da fara'a.

"Baban Raki, bismillah mana. Shigo ka sha."

Ya dubi ƙofar. A buɗe take. Ya dubi Bara'u, ya dubi Saaka, ya sake duban matarsa, wadda ya karanta wa darasin tarbiyya da bakinsa.

"Alhamdu lillahi," in ji shi.

Ya gyara riƙon tukunya, ya bi bayan baƙinsa suka gangara.